Kaza da 'Ya'yanta: me ya hana su watsewa?

Awudu Direba: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya dumso, wato ɗaukewar wuta, ta kama mu a Nima tun bayan isha'i, sai na hau saman bene da ɗana Bashiru. Da yake hazo ya ɗan yi sauƙi, na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta, tana can sama ta ɗan karkata arewa. Yaro ya ƙirga shida, ya ce mini, Baba, wacce ce kazar? Kuma me ya sa 'ya'yan ba sa tafiya neman abinci, kullum suna manne wuri ɗaya? Na ce ikon Allah ne. Ya ce ya sani, amma ta yaya? Nan na yi shiru. Ticha Muniru, ka fid da ni kunya.

Fuseini Ashaiman: Yaron nan lauya zai zama, ka fara tara kuɗin makaranta tun yanzu 😂

Malam Sadiƙu: Wa alaikumus salam. Kafin Ticha ya iso, ka gaya wa yaron sunanta a littafi Surayya. Ita ce masauki na 3 cikin masaukan wata 28 da malamanmu ke lissafin damina da su, bayan Sharaɗaini da Buɗaini. Mai bin ta a baya shi ne Dabaran, jan tauraron nan, ma'anar sunansa ma ke nan, mai bi. Ta zo a hadisin da Annabi (SAW) ya ɗora hannu a kan Salmanul Farisi, ya nuna cewa ko da imani yana can wurin Surayya, wasu daga mutanensa za su kai gare shi. Wato tun da can da ita ake buga misalin nisa.

Ticha Muniru: Na iso. Awudu, tambayar ɗanka ta fi ƙarfin shekarunsa, domin har yau masana suna jayayya a kanta. Abin da ido ke gani shida ko bakwai ne, amma garken yana da taurari sama da 1,000. Haskensu yana yin shekara kusan 440 a hanya kafin ya sauka a benenka. Shekarunsu wajen miliyan 100, a ma'aunin taurari yara ne, tunda rana tamu tana da biliyan 4.6. Kuma yaron ya yi gaskiya da ya nemi kazar bai gan ta ba. Babu ita. 'Ya'yan ne suka kore ta tun suna ƙanana.

Anti Memuna: Ikon Allah. Suka kore ta kamar yaya?

Ticha Muniru: Uwar wani ƙaton girgije ne na iskar haidurojin da ƙura, mai tsananin sanyi da duhu. Nauyinsa ne ke danne shi, yana dunƙulewa nan da can, kowane dunƙule ya zama tauraro. Ba a cika haihuwar tauraro shi kaɗai ba, ɗaruruwa ne ko dubbai a ciki guda. To ga inda matsalar take. Abin da ke zama taurari bai wuce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na girgijen ba. Sauran yana nan a matsayin iska, kuma nauyin wannan iskar shi ne igiyar da ta ɗaure garken. Sai manyan 'ya'yan, shuɗɗan nan masu nauyin rana 20 ko 40 ko fiye, su fara aikinsu. Haskensu yana dafa iskar, guguwar da ke fita daga jikinsu tana ture ta, bayan shekara miliyan 3 ko 4 kuma su fara fashewa, abin da ake kira sufanoba. Kafin ka ce kwabo girgijen ya yaye. Taurarin kuwa suna nan da gudun da suka saba yi lokacin da igiyar ke da ƙarfi, kilomita 1 ko 2 a daƙiƙa. Igiya ta tsinke, gudu bai ragu ba. Kowa ya kama gabansa.
Wani masani mai suna Hills ya yi lissafin a 1980: idan garke ya rasa fiye da rabin nauyinsa a lokaci guda, ba zai sake haɗuwa ba. A 2003 kuma Charles Lada da Elizabeth Lada suka ƙirga jariran garkuna da ke cikin girgije a kewayenmu, suka kwatanta da manyan da suka rayu. Suka ce waɗanda ke kai wa shekarun Kaza ba su wuce 4 zuwa 7 cikin 100 ba. Suka kira abin mutuwar jarirai. Saboda haka ka ce wa Bashiru, abin da ya gani ragowa ce, cikin irinta 100 sun fi 90 da suka watse.

Anti Memuna: Ticha, ni wannan sunan bai yi mini ba. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, na san abin da ake nufi da mutuwar jariri. A bayaninka ban ji wanda ya mutu ba. Taurarin suna nan da ransu, gida ne kawai ya watse. Ai wannan yaye ne.

Fuseini Ashaiman: Anti ta ci wannan zagayen. Yaye ne, an shafa wa nono maɗaci.

Baba Alhasan: Ina gaishe ku daga Aboabo. Ni ban yi boko ba, amma na ji wannan magana kamar na san ta. Kakana bafatake ne, goro yake kaiwa arewa daga Salaga. Yakan ce ayari ba 'yan uwantaka ke riƙe shi ba, madugu ne da tsoron hanya. Ran da aka iso inda babu 'yan fashi, ko madugu ya kwanta dama, sai ka ga kowa ya ja jakinsa. Zangon nan da muke zaune, a Kumasi ko a Ankara, ai ragowar ayarin da ya watse ne. Wasu sun wuce, wasu sun zauna.

Zulai: Barka da dare Baba. Ticha, ina neman afuwa, kai ka koya mini fiziks tun ina aji ɗaya, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Lissafin 2003 ɗin gaskiya ne a matsayin ƙirga. Fassararsa ce ake ja. Da a ce garkuna 90 sun mutu, sai an tabbatar da farko cewa garkuna ne. Ranar idi, ka hau sama ka ɗauki hoton filin Independence da ƙarfe 9 na safe, za ka ga mutane cunkus. Ka dawo da azahar, ba kowa. Za ka ce iyali guda ne suka tarwatse? Dama can ba a ɗaure suke da juna ba, wuri ɗaya kawai ya tara su. Taurari da yawa haka ake haifarsu, a warwatse cikin girgijen, nan goma can hamsin, suna bin zaren iskar. Tun 1947 Ambartsumian, masanin Armeniya, ya bayyana irin wannan taron na shuɗɗan taurari da ba su riƙe juna ba.

Ticha Muniru: Madalla da ɗalibar da ta fi malaminta karatu. Amma Zulai, wannan taron da kike faɗa, mu an koya mana cewa su ne garkunan da suka kumbura bayan iska ta tafi. Wato gawar ce kike nuna mini kina cewa ba a yi mutuwa ba.

Zulai: Haka aka ɗauka shekara da shekaru, Ticha, sai da Gaia ta zo. Na'ura ce ta Turai da aka harba a Disamba 2013, ta auna wuri da motsin taurari sama da biliyan 1. Idan taron ya fito daga dunƙule guda ne, in ka mayar da motsin kowane tauraro baya, dole su haɗu a tsakiya, kamar ka mayar da bidiyon fashewar tulu baya. An gwada da taro mafi kusa da mu, na wajen taurarin Kunama, a 2018. Ba su haɗu a wuri ɗaya ba. Ƙananan ƙungiyoyi ne barkatai, kowace da tata tafiyar.

Ticha Muniru: Ita dai Gaia ɗin ce kuma ta nuna a 2019 cewa cikin garkuna masu ƙarancin shekaru da aka auna, kusan uku cikin huɗu suna kumbura. Kumburin nan daga ina, in ba tafiyar iska ba?

Zulai: Ban musa ba. Cewa nake hanya biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai waɗanda igiyarsu ta tsinke kamar yadda ka faɗa. Akwai waɗanda ba a taɓa ɗaure su ba. Akwai ma na uku, waɗanda tsakiyarsu ta cinye iskar ta zama taurari tun da wuri, saboda haka da sauran iskar ta tafi ko a jikinsu. Garken R136 da ke cikin ƙaramin galaksin nan maƙwabcinmu misali ne. Shekarunsa ba su fi miliyan 2 ba, yana da taurarin da suka fi rana nauyi sau 100 da ɗoriya, iskar tsakiyarsa ta yaye, amma da aka auna gudun taurarinsa a 2012 aka same su a natse.

Awudu Direba: Ku dakata haka, kun bar ni a tasha. Mene ne galaksi kuma? Kuma ta ina kuka san shekarun tauraro, wa ya halarci sunansa?

Ticha Muniru: Yi haƙuri Awudu. In ka je ƙauye inda ba fitila, akwai wani farin zane kamar hayaƙi da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe. Wannan shi ne galaksinmu, garin taurari sama da biliyan 100, mu kuma muna cikinsa, shi ya sa muke ganinsa ta gefe. Da za ka hango shi daga sama, kamar maganin sauro mai naɗi yake, faifai ne mai murɗaɗɗun hannuwa. Rana tana nesa da tsakiyar da tafiyar haske ta shekara 26,000, kuma zagaye guda yana cin mata shekara miliyan 230 ko kusa da haka.
Batun shekaru kuwa, kamar icen girki ne. Babban tauraro shuɗi kamar kara yake, ya ci bal-bal ya mutu cikin 'yan miliyoyin shekaru. Irin rana kamar gawayi, tana iya kai biliyan 10. Tunda 'yan garke ɗaya tare aka haife su, sai ka duba wane ne mafi girma da ya rage da rai. Shi zai gaya maka tun yaushe aka hura wutar.

Malam Sadiƙu: Wannan kwatancen ya shiga. Ma'auni ne da kintace bisa alama, kamar yadda makiyayi ke duba haƙoran sa ya faɗi shekarunsa. Haƙiƙanin sani na Allah ne, amma an umarce mu da dubawa.

Fuseini Ashaiman: Ni tambayata, hannuwan nan na maganin sauro, me ya haɗa su da haihuwa? Ko can ma akwai asibitin Anti Memuna?

Zulai: Yaya Awudu zai fi kowa gane wannan. Yaya, cunkoson hanyar Kasoa da safe, in ka hango shi daga nesa kullum yana wuri ɗaya ko?

Awudu Direba: Kullum. Kamar an dasa shi.

Zulai: Amma motocin ciki ba su ne na ɗazu ba. Wasu na shiga ta baya, wasu na fita ta gaba, cunkoson yana nan. To hannun galaksi haka yake a bayanin da Lin da Shu suka kawo a 1964. Taurari da girgije suna shiga, su matsu, su wuce. Girgije in ya matsu sai ya dunƙule ya haihu. Shi ya sa a hoton galaksi irin M51 za ka ga baƙin layin ƙura a cikin hannun, kusa da shi jajayen ƙulle-ƙulle inda jarirai ke dafa iskarsu, sai shuɗɗan garkuna da suka riga suka fito fili. Manyan shuɗɗan ba sa rayuwa har su yi nisa da cunkoson, shi ya sa hannuwan suka fi ko'ina haske.
Abin tausayin shi ne, wurin haihuwar shi ne wuri mafi haɗari. Garken da ya tsira daga tafiyar iska yana nan kewaye da wasu girgije masu nauyin rana dubu ɗari ko miliyan. Duk wanda ya gifta kusa sai ya fizge shi, ya fi jan ɓangaren da ke kusa da shi a kan na nesa, taurarin gefe su zube. Lyman Spitzer ya lissafa wannan tun 1958. Wasu masana na yanzu suna kiransa mugun shimfiɗar jego, don gadon da aka haife ka a kai shi ke neman karya ka.

Awudu Direba: Wannan na gane shi sarai. Kamar ka ɗauko tumatir a buɗaɗɗen kwando a saman trotro, kowane rami ka faɗa sai biyu sun zube. Ba rami ɗaya ke ƙarar da shi ba.

Anti Memuna: To ita Kazar tamu ta tsira ke nan har abada?

Ticha Muniru: Ina! Tana zubewa a hankali. Ko ba girgije, taurarin cikin garke suna gifta juna, wani ya samu ƙarin gudu ya fice, yawanci ƙananan. Kamar ruwa a tasa, ba a ga tafiyarsa sai a ga ya ragu. Kintacen masana shi ne nan da shekara miliyan 250 ba za a iya nuna ta a ce ga garke ba. Kuna son ganin tsufanta, ku dubi wajen Dabaran da Malam ya ambata. Akwai taurari da suka yi siffar bakin kibiya a kewayensa. Garke ne shi ma, ya fi kusa, tafiyar haske ta shekara 150, shekarunsa sun haura miliyan 600. Ya saki jiki ya bazu, kuma a 2019 Gaia ta gano jela biyu na taurarin da suka zube daga gare shi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Shi Dabaran kansa ba ɗan gidan ba ne, yana tsakaninmu da su ne, shekarar haske 65 kacal. Ya shiga hoton biki ne kawai.

Fuseini Ashaiman: Irin mutanen nan da ba a gayyata ba amma su ne a gaban kyamara. Mun san su a Ashaiman 😂

Baba Alhasan: 'Yata Zulai, ina da tambaya. Kin ce wasu an ɗaure su, wasu ba a ɗaure ba. Wanda ke kallo daga nesa, ta ina zai bambance? Ni in na tsaya a saman Kejetia na ga mutum goma sun taru, ban san ko 'yan gida ɗaya ba ne ko masu jiran mota.

Zulai: Baba, wallahi ka taɓo inda rigimar take. A galaksinmu muna iya auna motsin tauraro ɗaya-ɗaya, amma ƙura ta tare mana yawancin garin, kamar mai son ƙirga gidajen Nima yana tsaye cikin lungu. Sai a koma wasu galaksi da ake gani gaba ɗaya daga waje. Can kuma nisa ya yi yawa, garke duka ɗigo ne a hoton Hubble, na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya. A 2005 Fall da Chandar da Whitmore suka ƙirga garkuna a wasu galaksi biyu da ke karo da juna. Suka ce duk lokacin da shekaru suka ninka sau 10, kusan kashi 90 cikin 100 sun ɓace, babba da ƙarami duk ɗaya. Wani ɓangaren, su Lamers da Gieles da Bastian, suka ce a'a, ƙarami ya fi saurin watsewa, kuma unguwar da garke yake tana da tasiri. Abin dariya, ɓangarorin biyu sun duba galaksi guda, M83, mai nisan shekarar haske miliyan 15, kowa ya fito da amsarsa. Da aka zauna aka kwatanta jerin sunayen, sai aka ga babban bambancin yana wurin wa aka yarda a rubuta a matsayin garke. In ka zuba masu jiran mota cikin jerin jarirai, dole ka ga mutuwa ta yi yawa daga baya.

Ticha Muniru: Amma ki faɗi sauran. A M83 ɗin an ga garkunan da ke kusa da tsakiya, inda iska ta yi kauri, suna ƙarewa da wuri fiye da na bakin gari. Wannan bai rushe maganata ba, ƙara mata gishiri ya yi.

Zulai: Bai rushe ta ba, amma ya mayar da laifin kan maƙwabta, ba kan uwar da ta tafi ba. Ni a ganina wannan ya fi nauyi. Duba tsofaffin da suka rayu a galaksinmu. M67 yana da shekara biliyan 4, NGC 188 ya kusa biliyan 7. Duk suna zaune ne sama da faifan, nesa da cunkoso, ba sa yawan haɗuwa da girgije. Wanda ya bar unguwar da wuri shi ya tsufa.

Ticha Muniru: Ko kuma wanda aka haifa da jiki. Curarrun garkunan nan masu siffar ƙwallo, wajen 150 muke da su, shekarunsu sun kai biliyan 12, da yawansu da taurari dubu ɗaruruwa. Nauyinsu ya riƙe su. Mafi girmansu, Omega Sentauri, ana ganinsa daga nan Ghana ta kudu wajen Afrilu da Mayu, kamar ɗigon auduga, in an samu sama mai tsabta.

Malam Sadiƙu: Ku biyun nan, na lura kowa yana jan bargo ne ta gefensa, alhali bargon ɗaya ne.

Zulai: Malam, akwai wurin da bargon ya rabu da gaske. In Ticha ne da gaskiya, kusan kowane tauraro a matsattsen garke aka haife shi. In ɗaya ɓangaren ne, kaɗan ne kawai. A Andromeda, maƙwabciyarmu mai nisan shekarar haske miliyan 2.5, an samu kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ne kawai na sababbin taurari ke cikin ɗaurarrun garkuna. A galaksin da haihuwa ta yi zafi kuwa kason yana hawa sosai. Kuma abin da zai ba ku sha'awa, garkunan Andromeda sama da 2,700 da aka zaɓi na wannan lissafin daga cikinsu, mutanen gari ne suka zaƙulo su. An zuba hotunan Hubble a intanet a ƙarshen 2012, dubban masu sa kai suka riƙa zagaye duk abin da ya yi kama da garke. Idon mutum ya fi kwamfutar lokacin iya wannan aikin.

Fuseini Ashaiman: Ana biya? In ana biya da dala ni ma ina da ido.

Anti Memuna: Fuseini kai dai. Zulai, ni abin da ya tsaya mini, rana tamu fa? Ita ma tana da 'yan uwa?

Zulai: Alamu sun nuna haka, Anti. A cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama an samu burbushin wani irin alminiyom mai saurin lalacewa, wanda manyan taurari ke ƙerawa. Kafin ya shiga kayan da aka gina duniyarmu da su, sai dai in akwai babban tauraro a kusa lokacin haihuwar rana, su kuma manya ba a cika samunsu ba sai cikin taro. Amma tun lokacin rana ta zagaya galaksi kusan sau 20, 'yan uwan sun bazu ko'ina. Ana nemansu ta hanyar sinadaran jikinsu, kamar mai neman dangi ta tsagar fuska. A 2014 an nuna wani, HD 162826, mai nisan shekarar haske 110, aka ce ya yi kama sosai.

Baba Alhasan: Tsagar fuska. Haka muka gane wani ɗan ƙanen kakana a Tamale, shekara 40 bayan rabuwa. Allah Sarki.

Awudu Direba: To mu nan Ghana ba mu da hannu a wannan harka sai kallo?

Ticha Muniru: Muna da ɗan hannu. In ka bi hanyar Nsawam ka wuce Amasaman, akwai wani ƙaton faranti fari a Kuntunse, faɗinsa mita 32. Da na sadarwar tarho ne, aka gyara shi ya koma na'urar sauraron sama, aka buɗe shi a Agusta 2017. Cikin abin da yake saurara akwai wata siginar rediyo da iskar metanol ke fitarwa, wadda ba a samunta sai a wurin da ake haihuwar manyan taurari. Wato waɗannan 'ya'yan masu korar uwa, tun suna cikin zanin goyo ake jin kukansu daga Kuntunse. Ido ba ya ganinsu a wannan matakin saboda ƙura, sai rediyo ko infared. Shi ya sa madubin hangen nesa James Webb da aka harba a 25 ga Disamba 2021 ya canza wasan, yana leƙa cikin ƙurar ya ga garkunan da Hubble bai gani ba.

Awudu Direba: Farantin nan na sha wuce shi da fasinja, na ɗauka na talabijin ne!

Zulai: Kuma akwai abu ɗaya da sababbin awon suka gyara mana duka, ni da Ticha. Da ana ɗora korar iskar a kan sufanoba. Da aka auna galaksin NGC 300 a 2019, sai aka ga girgije yana rayuwa wajen shekara miliyan 10, amma daga fitowar manyan taurari zuwa watsewarsa miliyan ɗaya da rabi ne kawai. Kafin na farko ya fashe an riga an share wurin. Haske da guguwa sun gama aikin.

Ticha Muniru: Wanda ke nufin korar tana da sauri, sauri kuwa shi ne sharaɗin Hills. Na gode da kika kawo mini hujja da hannunki 😄

Zulai: Sauri a ma'aunin girgije, Ticha. A tsakiyar matsattsen garke tauraro yana ratsa gidan cikin abin da bai kai shekara miliyan ɗaya ba, saboda haka a wurinsa korar a hankali take, yana da lokacin gyara tafiya. Zan turo maka lissafin ta bayan fage kada mu kori jama'a.

Malam Sadiƙu: Ku dai turo mana sakamakon in kun daidaita.

Awudu Direba: Ni yanzu me zan ce wa Bashiru? A taƙaice, don Allah, yaron aji huɗu ne.

Anti Memuna: Kada ka ce masa komai tukuna, nuna masa za ka yi. Ticha, ba ka ce akwai inda ake ganin masu jego da ido ba?

Ticha Muniru: Akwai. Awudu, daga Kaza ka bi ta Dabaran ka ci gaba, za ka ga taurari uku a jere kamar an auna da igiya. Kusa da su ta kudu akwai wasu uku ƙanana, na tsakiyar ya yi dishi-dishi kamar hayaƙi. Girgijen Oriyon ke nan, nisansa shekarar haske 1,300 da 'yan kai, cikinsa taurari dubbai da ba su wuce shekara miliyan 1 zuwa 2 ba. Huɗu manya a tsakiya suna kan cinye uwar yanzu haka. A 2001 su Kroupa sun kwaikwayi irin wannan garke a kwamfuta, suka kore iskar, kusan kashi ɗaya cikin uku na taurarin suka rage a ɗaure, kuma abin da ya rage ya yi kama da Kaza. Ka ga a dare ɗaya yaro zai ga jariri, ya ga matashi, ya ga dattijo. Hayaƙin da ake gani kewaye da Kaza a hotuna kuma, in ya tambaya, ba uwar ba ce, wata ƙura ce dabam da suke ratsawa.
Ina da madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyu. In hazo bai dawo ba zan zo da shi ran Asabar bayan isha'i.

Awudu Direba: Benen yana nan, ataya a kaina. Sai dai a yi addu'a a ɗauke wuta, don fitilar maƙwabcina ta fi wata haske.

Fuseini Ashaiman: Yau na ga mutumin Nima yana roƙon dumso. A ajiye mini kofi na biyu, na farko ɗaci gare shi.

Baba Alhasan: Ku ɗauko mana hoto mu na Kumasi. Zulai, in kin dawo makaranta ki biyo Aboabo, jikokina ma suna da tambaya a kan Zara matar wata.